Tambaya: Ya dace a koyar da falsafa da labaran ban dariya?

Sabon Malami ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina da wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina fatan waɗanda suka riga ni shiga aji za su haska mini hanya. An ba ni darasin falsafa da mantiƙi, wanda ake wajabta wa ɗaliban jami'o'in Najeriya a cikin darussan bai-ɗaya, wato wanda ɗalibin likitanci da na aikin gona da na shari'a duk sai sun zauna masa, ko suna so ko ba sa so. Ajin babba ne ƙwarai, kuma mafi yawan ɗaliban sun shigo da yaƙinin cewa falsafa surutu ce marar kan gado, wasu kuma tun daga gida aka gaya musu cewa hanyar ɓata ce. Saboda haka abin da suke yi shi ne su haddace ma'anoni da sunayen Girkawa, su juye su a takardar jarrabawa, su manta da su kafin su kai bakin ƙofa.

Na lura cewa duk ranar da na kawo labarin ban dariya ajin yakan farfaɗo, masu danna waya su ɗago kai, har waɗanda ba su taɓa buɗe baki ba su nemi a ba su dama su yi magana. Sai dai da na duba takardun gwaji na tarar da labarin a rubuce tsaf, wani ma har da ƙarin gishiri, amma hujjar da aka kawo labarin dominta babu ita ko kaɗan. Wannan ya sa na fara kokwanton ko raha ba komai ba ce illa zumar da ake shafa wa bakin ƙoƙo don yaro ya sha maɗaci, kuma ɗalibaina sun koyi lashe zumar su ajiye ƙoƙon.

Abin da nake so in sani shi ne, akwai irin rahar da take bayyana mas'ala da gaske, wadda ta wuce farkar da mai gyangyaɗi kawai? In akwai, ta yaya malami zai gane ta? Kuma ina iyakarta, ganin cewa darasin yana taɓa maganar rai da mutuwa da samuwar Ubangiji, waɗanda ba abin wasa ba ne a wurinmu?

Tsohon Malamin Aji ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi wa aikinka albarka, domin malamin da yake duba takardun ɗalibansa har ya damu da abin da ya gani a ciki ya kama hanya. Amsata a taƙaice ita ce akwai irin wannan rahar, kuma alamarta ita ce ba a iya raba ta da hujjar, saboda ita kanta ce hujjar. Bari in kawo misali don maganar ta fito fili.

An ruwaito cewa Aflatun, wanda Turawa ke kira Plato, ya bayyana wa ɗalibansa a birnin Atina cewa mutum dabba ce mai ƙafa biyu marar gashin tsuntsu, aka kuwa yaba masa. Da labarin ya kai kunnen Diyojinis, mutumin Sinop da ya zaɓi talauci har yake kwana a cikin wata ƙatuwar randa, sai ya sami kaza ya fige ta tas, ya shigo da ita makarantar ya ce ga mutumin Aflatun nan. Mai ruwayar ya ce daga nan aka ƙara wa bayanin cewa "mai faffaɗan farce". Duk ɗalibin da ya yi dariya a nan ya riga ya fahimci abin da malaman mantiƙi suke nufi da cewa dole ne iyakance ma'anar abu ya tattaro duk 'ya'yansa, ya kuma hana bare shiga, domin ba zai yi dariyar ba sai ya ga cewa figaggiyar kaza ta cika sharuɗɗan nan biyu alhali ita ba mutum ba ce. Abin da ya rage wa malami shi ne ya sa masa suna, ya nuna masa cewa misali ɗaya tak da ya saɓa ya isa ya rushe hukuncin da aka yanke wa jinsi gaba ɗaya.

Haka kazar da Bertrand Russell ya kawo a ɗan littafinsa na matsalolin falsafa a 1912. Kullum mai gida yana zuwa ya watsa mata hatsi, har ta sakankance cewa zuwansa da abinci abu ɗaya ne, ranar ƙarshe kuwa ya zo ya murɗe mata wuya. Wannan ita ce matsalar da David Hume ya tayar a ƙarni na 18, cewa yawan maimaituwar abu a baya ba ya zama hujja yankakkiya a kan cewa zai sake faruwa gobe, kuma in ka ce ai kullum abin da ya gabata yana nuna abin da zai zo, to ka dogara ne da abin da ake tuhuma don ka wanke shi. Mas'ala ce mai nauyi, domin dukkan ilimin kimiyya a kan irin wannan tsinkaye yake tsaye. Ɗalibin likitanci da ya yi wa kazar dariya, in ka tambaye shi da me ya fi ta a ranar da yake cewa wannan magani zai yi aiki saboda ya yi wa dubban mutane aiki, za ka ga ya yi shiru, kuma daga wannan shirun darasin yake farawa.

Labarin da na fi so kuwa na Juha ne, kuma mutanenmu da yawa sun san shi. Ya ari tukunya wurin maƙwabcinsa, ya mayar da ita da wata 'yar ƙarama a ciki, ya ce ai tukunyar ce ta haihu. Maƙwabci ya karɓa da murna bai ce uffan ba. Ya sake ara, wannan karon bai mayar ba, da aka zo bi sai ya yi ta'aziyya ya ce tukunya ta rasu. Maƙwabci ya fusata ya ce yaushe tukunya take mutuwa, Juha ya ce wanda ya yarda tana haihuwa ai ya yarda tana mutuwa. A cikin wannan ɗan labari akwai ƙa'idar da mantiƙi duka ya ginu a kanta, wato duk wanda ya karɓi wata magana ya karɓi abin da take lizimtawa, ko ya yi masa daɗi ko bai yi ba. Akwai kuma darasi na biyu da ɗalibai ba su cika gani ba sai an nuna musu, cewa son rai ne ya sa maƙwabcin bai binciki maganar farko ba.

Dalilin da ya sa irin waɗannan labarai suke aiki shi ne yadda dariya take zuwa. Kant, masanin falsafa Bajamushe, ya ce a 1790 dariya tana faruwa ne idan tsammanin da aka ɗaure mutum da shi ya warware farat ɗaya ya zama babu. Mai sauraro yana tafe da wani zato da bai san yana ɗauke da shi ba, ƙarshen labari ya fizge shi, sai ya gan shi a karon farko. Aikin falsafa ke nan tun daga Sukrat, malamin Aflatun, wanda Turawa ke kira Socrates, fito da zaton da ke ɓoye a ƙarƙashin magana. Shi ya sa ban yi mamaki ba da Norman Malcolm ya ruwaito cewa malaminsa Wittgenstein ya taɓa cewa ana iya rubuta littafin falsafa mai inganci wanda babu komai a cikinsa sai barkwanci. Har ma Diyojinis ɗin nan, da aka karanto masa hujjojin wani masanin Girka mai suna Zeno na cewa motsi ba ya yiwuwa, an ce miƙewa kawai ya yi ya kama tafiya.

Shawarata ita ce kada ka bar dariyar ta lafa ka wuce. Da zarar sun yi shiru ka ce kowa ya ɗauki biro ya rubuta, a jimla uku, me ya ba shi dariya, wane zato aka karya, kuma wa ya yi kuskure a cikin labarin. Labarin da ba za a iya yi masa haka ba ado ne kawai, ka bar shi a gida.

Malama Mai Nazari ta amsa:

Baba, Allah ya ƙara girma. Na ƙaru da bayaninka, kuma na yarda da abin da ka faɗa game da kazar Diyojinis da tukunyar Juha, amma ina neman izini in saɓa maka a kan misalinka na ƙarshe, domin a ganina shi ne yake nuna haɗarin da ɗan'uwanmu ya hango a takardun ɗalibansa.

Zeno bai jahilci cewa mutane suna tafiya ba, shi ma da ƙafarsa yake zuwa kasuwa. Abin da ya ce shi ne, kafin ka kai bango sai ka ci rabin tazarar, kafin ka ci sauran sai ka ci rabinsa, haka har abin da ba shi da iyaka, to ta yaya mai tafiya yake gama ayyuka marasa iyaka a cikin lokaci mai iyaka? Yana kare malaminsa Parmenidis ne, wanda ya ce hankali ya fi ido cancantar a gaskata shi. Miƙewar Diyojinis ba ta taɓa wannan tambaya ba ko kusa, domin ya kawo shaidar ido ne a shari'ar da ake tuhumar ido. Aristo, almajirin Aflatun, bai raina mas'alar haka ba, ya zauna ya rubuta mata amsa a littafinsa na ɗabi'ar halitta, kuma sai bayan kusan shekara dubu biyu masana lissafi suka shimfiɗa yadda rabi da rubu'i da sumuni, har ba iyaka, suke haɗuwa su ba da ɗaya cif. Ɗalibin da ya yi dariya ya fita da yaƙinin cewa Zeno wawa ne, an raba shi da ɗaya daga cikin tambayoyi mafi albarka a tarihin tunani. Ga inda gizo yake saƙar: daɗin dariya yana kama da daɗin fahimta ƙwarai, har mutum ba ya iya bambance su daga ciki.

Tarihi ya nuna cewa abin yakan wuce asarar darasi. A shekara ta 423 kafin miladiyya Aristofanis ya nuna wasan kwaikwayonsa na Gizagizai a Atina, inda aka fito da Sukrat yana lilo a cikin kwando a sama, almajiransa suna auna tsallen ƙuma, shi kuma yana koya wa mutane yadda za su murɗe magana su cinye bashi. Jama'a sun yi dariya, hoton ya zauna a zukatansu. Bayan shekara 24, a 399, da aka gurfanar da Sukrat bisa zargin ɓata matasa da ƙin allolin birni, Aflatun ya ruwaito cewa shi da bakinsa ya ambaci wannan wasa a gaban alƙalai, ya ce masu tuhumarsa na farko, waɗanda suka daɗe suna cusa wa mutane wannan hoto, sun fi ba shi tsoro a kan waɗanda suka kai ƙara. An yanke masa hukuncin kisa, ya sha guba. Ban ce wasan ne kaɗai ya kashe shi ba, akwai siyasar birnin bayan yaƙi, amma wanda aka yi wa dariyar ya ga tana da hannu.

Ga kuma Leibniz, masanin falsafa Bajamushe. A 1710 ya wallafa littafin da ya yi ƙoƙarin daidaita adalcin Ubangiji da samuwar sharri, ya ce Mai hikima da iko ba zai zaɓi wata duniya ba face mafi kyawu daga cikin waɗanda za su iya samuwa, idan aka dubi tsarinta gaba ɗaya. Bai ce kowane bala'i alheri ne ga wanda ya same shi ba. Bayan girgizar ƙasar da ta rusa Lisbon a 1755, Voltaire, marubucin Faransa, ya fito da littafin labarinsa Candide a 1759, ya ƙirƙiro malami Pangloss wanda ake ta jibga wa masifu yana cewa komai daidai ne, wanda har yake koyar da cewa an halicci hanci ne don a ɗora masa tabarau. Leibniz ya rasu tun 1716, ba shi da bakin ramawa. Yau a cikin mutum goma da suka ji sunansa a wannan babi, mafi yawansu Pangloss suka sani, ba su taɓa ganin hujjar a yadda mai ita ya gina ta ba. Ina ganin Voltaire yana da gaskiya a fushinsa da masu yi wa waɗanda gini ya danne wa'azin cewa komai lafiya, amma malamin da ya koyar da Leibniz ta bakin Voltaire ya zalunci mamaci.

Don haka, ɗan'uwa, ƙa'idar da zan ƙara a kan ta Baba ita ce ka dubi wanda dariyar take faɗa wa. In tana faɗa wa zaton da ɗalibin kansa yake ɗauke da shi, kamar kazar Russell, to tana koyarwa. In kuwa tana faɗa wa wani masani da ba ya nan, tana gaya wa ɗalibi cewa ya fi shi wayo ba tare da ya karanta shi ba, to ka fara shimfiɗa hujjar mutumin da ƙarfinta tukuna, har sai ɗaliban sun kasa amsa ta, kafin ka bari a yi masa dariya.

Almajirin Zaure ya amsa:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta malamai, ya saka muku da alheri. Ni ba ɗan jami'a ba ne, a zaure na yi ɗan abin da na yi, amma tambayar ta shafe mu, domin mantiƙi ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Ana karanta Sullamu na Shehu Ahdari a zaurukanmu, kuma Shehu Magili, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya kare wannan fanni a baitocin da suka yi musaya da Imam Suyuɗi, wanda shi yake ganin haramcinsa. Abin da zai ba Malam sha'awa shi ne, idan littattafan mantiƙi suka zo ba da misalin siffar da ta keɓanci mutum ban da sauran dabbobi, dariya suke kawowa, kuma sun gaji wannan misali ne daga Girkawa.

Game da iyakar da ya tambaya, magabata ba su bar mu cikin duhu ba. Imam Tirmizi ya ware babi guda a Shama'il a kan rahar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A ciki akwai mutumin da ya roƙi abin hawa, aka ce masa za a ɗora shi a kan ɗan taguwa, ya ce me zan yi da ɗan taguwa, sai aka amsa masa da cewa ai babu mai haihuwar raƙuma sai taguwa. Ban kawo wannan don in ce darasin falsafa ba ne, na kawo shi ne don ladabin da ke ciki: maganar gaskiya ce tun daga farkonta har ƙarshenta, ba a wulaƙanta mai tambaya ba, kuma ya tafi da abin da ya zo nema. Da sahabbai suka ce wa Manzon Allah yana yi musu raha, cewa ya yi ba ya faɗin komai sai gaskiya. Aya ta 11 a Suratul Hujurati ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ayoyi na 65 da 66 a Suratut Tauba kuma sun rufe ƙofar wasa da Allah da ayoyinsa da Manzonsa. Wanda ya riƙe waɗannan ba zai ruɗe ba. Labaran da kowa ya san ƙirƙira ce don misali kuwa, Hariri ya kare su a gabatarwar Muƙamominsa, ya kwatanta su da hikayoyin da ake sa wa a bakin dabbobi, kuma malamanmu sun karantar da wannan littafi ɗaruruwan shekaru.

Wanda ya fi kowa zurfafawa a wannan hanya shi ne Jahiz, mutumin Basra da ya rasu a shekara ta 255 bayan hijira. Malamin ilmul kalam ne, kuma ya faɗa a fili a Kitabul Hayawan cewa yana fitar da mai karatu daga magana mai nauyi zuwa raha don kada ya gaji ya ajiye littafin. Amma a littafinsa na marowata ya wuce nan. Ya kawo labarin wasu matafiya 'yan Khurasan da suka sauka a masauki ɗaya suka yi karo-karo don sayen man fitila, ɗayansu ya ƙi ba da nasa, saboda haka duk dare in an kunna fitila sai su ɗaure masa ido da ƙyalle, ba su kwance ba sai sun kashe ta za su kwanta. Mutum zai yi dariya, amma in ya tsaya ya yi tunani zai ga tambayar adalci ce tsirara. Wanda bai biya ba yana da hakkin amfana da abin da amfanarsa ba ta rage wa kowa komai? In an ce yana da shi, me zai hana kowa ya ƙi biya gobe a kwana cikin duhu? Duk unguwar da aka taɓa yin karo-karon gyaran taransifoma ko haƙa rijiyar burtsatse an yi wannan muhawara, kuma ɗaliban Malam za su kawo masa hujjojin ɓangarorin biyu da kansu.

Sai dai ina da gargaɗi ɗaya a kan wannan labari da ire-irensa. Jahiz ya jingina rowa ga mutanen wata ƙasa, mu ma muna da irin wannan a wasannin barkwanci tsakanin garuruwa da ƙabilu da masu sana'o'i, kamar na Kanawa da Zagezagi, ko Fulani da Barebari. A tsakanin taubasai wannan zumunci ne, domin kowa yana da bakin ramawa kuma kowa ya san dokar wasan. A aji kuwa malami ne yake riƙe da maki, ɗalibin da aka yi wa garinsu dariya ba zai iya ramawa ba, kuma ajin jami'a ya tara mutanen da ba su gaji wannan wasa ba. Ka cire sunan gari da ƙabila, ka ce wasu matafiya, hujjar ba za ta ragu da komai ba.

Malama ta ambaci Leibniz, sai ta tuna mini da maganar Imam Gazali a Ihya cewa babu abin da zai yiwu wanda ya fi abin da ya kasance kyawun tsari. Malamai sun ɗauki ƙarnoni suna jayayya a kanta, wasu suna suka wasu suna karewa, kuma da littattafai suka yi ta. Wannan ya ƙara mini yarda da ita cewa akwai mas'alolin da ba a shigarsu ta ƙofar dariya.

Sabon Malami ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba, Malama, da Malam. Allah ya bar zumunci. Abin da ya rage mini shi ne waɗannan mas'alolin da kuka ce raha ba ta dace da su ba, ko waɗanda babu wani labarin ban dariya da yake ɗauke da hujjarsu. Su ne fa suka fi yawa a manhajar, musamman babin kyawawan ɗabi'u da babin hakikanin rai. Idan na ajiye raha a nan, da me zan riƙe aji mai ɗaruruwan mutane da rana tsaka?

Malama Mai Nazari ta amsa:

Ɗan'uwa, abin da yake ɗago kan ɗalibai a labarin ban dariya shi ne an sa su a cikin wani hali na musamman, da mutane da abin da ya faru, an kuma bar su su yanke hukunci da kansu. Ana samun wannan ba tare da dariya ba, kuma manyan masana sun yi ta amfani da shi.

A babin rai, ka ba su misalin Ibn Sina. Ya ce ka ƙaddara an halicci mutum yanzu-yanzu, cikakke da hankalinsa, yana shawagi a sarari, an rufe masa ido, ba ya jin sauti, iska ba ta taɓa shi, gaɓoɓinsa a ware ba ɗaya da ke shafar ɗaya. Shin zai san yana nan? Ibn Sina ya ce zai tabbatar da samuwar kansa alhali bai san yana da hannu ko zuciya ko ƙwaƙwalwa ba, daga nan ya fitar da cewa rai wani abu ne dabam da jiki. Ka sa su rufe ido su gwada, sa'an nan ka tambayi ɗaliban likitanci ko sun yarda cewa rashin sanin jiki yana nuna rashin buƙatarsa, domin a nan ne masu sukar hujjar suka kama shi.

A babin ɗabi'u kuwa babu kamar zoben da Galaukon, ɗan'uwan Aflatun, ya kawo a kashi na biyu na littafin Aflatun mai suna Jamhuriya. Wani makiyayi a ƙasar Lidiya ya tsinci zobe a hannun gawa cikin wani rami da girgizar ƙasa ta buɗe, ya gano cewa in ya juya kan zoben zuwa tafin hannunsa ba mai ganinsa, sai ya yi amfani da shi ya shiga fada, ya haɗa baki da matar sarki, ya kashe sarkin ya hau gadonsa. Ɗalibanka ba sa buƙatar dogon bayani a nan, ka ce musu layar zana kawai. Galaukon ya ce a kawo irin wannan zobe guda biyu, a ba mutumin kirki ɗaya, a ba azzalumi ɗaya, za a ga dukkansu hanya ɗaya suka bi, domin a cewarsa mutane suna yin adalci ne don tsoron ido da hukunci. Wasu ɗaliban za su amsa nan take cewa Allah yana gani, kuma amsa ce da ya kamata ka karɓa da girmamawa, sa'an nan ka tambaye su ko wanda ya bar sata don tsoron wuta kaɗai daidai yake da wanda ya bar ta don yana ƙin zalunci a ransa, tambayar da malaman tasawwufi ma suka daɗe suna yi. Littafin kashi goma ne, kuma kusan duk sauran ya tafi ne a ƙoƙarin Sukrat na nuna cewa zalunci yana ɓata ran mai yinsa ko da ba wanda ya gani, saboda haka kada ka yi ƙoƙarin rufe maganar a zama ɗaya. Ka ba su tambayar su tafi da ita, kowa ya rubuto shafi guda a kan abin da zai yi da layar a mako na farko da dalilinsa, ba tare da sa suna ba, a mako mai zuwa ka karanto musu kaɗan daga ciki kafin ka kawo amsar Sukrat.